Shamfen: yadda yankin sanyi da ƙasar alli ya mayar da sunansa dukiya

Wanda ya tashi daga Paris ya nufi gabas, bayan tafiyar kilomita kamar 150 zai shiga wani yanki mai tuddai marasa tsayi, inda biranen Reims da Épernay suke. Nan ne Shamfen, wadda Faransawa ke rubutawa Champagne. Daga nan giyar inabi mai kumfa da ake fasawa a bukukuwan attajirai da wuraren ba da kofin gasa ta samo sunanta. A dokar Faransa da ta Tarayyar Turai babu giyar da ke da ikon amsa wannan suna sai wadda aka noma inabinta a nan, aka matse a nan, aka tsima a nan. Gonakin inabin yankin duka-duka hekta 34,000 ne da 'yan kai, wajen rabin kashi 1 cikin 100 na gonakin inabin duniya. Amma a 2022 kwalba miliyan 326 suka sayar, kuɗin ya haura yuro biliyan 6.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, kuma ba shi ake tattaunawa a nan ba. Abin da ya sa nake ganin ya kamata mu san labarin wurin nan shi ne yadda aka gina kasuwarsa. Ƙasa ce da inabi ke nuna da ƙyar, manomanta sun taɓa shiga ƙuncin da ya kai su ga cinna wa gidajen 'yan kasuwa wuta, yau kuma matsakaicin farashin hekta ɗaya ta gonar inabi a can ya haura yuro miliyan 1. Najeriya tana cikin manyan masu sayen wannan haja a Afirka, don haka kuɗin ƙasarmu yana cikin lissafin.

Shamfen tana can arewa, gab da inda sanyi ke hana inabi nuna. Matsakaicin zafinta a shekara digiri 11 ne ko kusa da haka. A watan Afrilu, daidai lokacin da kuringa ke toho, dare guda na sanyin da ke daskarar da raɓa ya isa ya ƙone tohon gona sukutum. Idan an tsira daga wannan, akwai ƙanƙarar da ke faɗowa a tsakiyar shekara, akwai ruɓa idan ruwa ya yi yawa gab da girbi. Inabin da ya kai labari yakan fito da tsami mai yawa da zaƙi kaɗan. Shekaru aru-aru giyar yankin ba ta da kumfa, jan launinta ma bai nuna sosai ba, kuma a kasuwa tana fama da gogayya da ta Burgundy, wani yankin Faransa da ke kudu da nan, inda rana ta fi wadata.

Arzikin wurin yana ƙarƙashin ƙasa. Alli ne, fari fat, mai kauri, ragowar ƙananan halittun wani teku da ya taɓa rufe yankin miliyoyin shekaru da suka wuce. Idan ruwa ya yi yawa yana tsotsewa, idan an shiga fari yana sakar wa saiwa abin da ya riƙe a hankali. Tun zamanin Rumawa ake haƙar shi don gina birnin Reims, ramukan da aka bari kuma su ne daga baya 'yan kasuwa suka mayar ma'ajiya. A can ƙasa zafi ba ya wuce digiri 10 zuwa 12 rani da damina, babu haske, babu hayaniya. A ƙarƙashin Épernay kaɗai akwai hanyoyin ƙasa da tsawonsu ya haura kilomita 100, cike da kwalabe a kwance. A 2015 hukumar UNESCO ta sa waɗannan tuddai da gidaje da ramuka cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Irin inabi uku ne suka mamaye gonakin. Pinot Noir, baƙin inabi, shi ke da wajen kashi 38 cikin 100, ya fi yawa a tuddan Reims da kuma Côte des Bar can kudu, a lardin Aube. Masu haɗa giya suna son sa don ƙarfi da jiki. Meunier, shi ma baƙi, yana da wajen kashi 31, gidansa kwarin kogin Marne, inda sanyi ke kwanciya da dare. Yana jinkirin toho, shi ya sa yake tsallake sanyin Afrilu da ke kashe sauran. Chardonnay, farin inabi, shi ma wajen kashi 31, ya fi kyau a Côte des Blancs, kudu da Épernay, inda allin yake kusa da saman ƙasa. Akwai wasu tsoffin iri huɗu da doka ta yarda da su, amma dukansu ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

A nan mai lura zai tsaya: kashi biyu cikin uku na inabin baƙi ne, amma giyar fara ce. Dalili shi ne launin yana cikin ɓawo, ruwan ciki garau yake. Idan aka matse a hankali kuma da wuri, ruwan zai fita kafin ɓawo ya rina shi. Wannan ne ya sa doka ta hana girbi da inji. Dole a yanko nonon inabin da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a sa a akwati ba tare da ya fashe ba, a kai wurin matsa da ke kusa. Matsar ma an ƙayyade ta: daga kilo 4,000 na inabi, lita 2,550 kawai aka yarda a ɗiba. Lita 2,050 na farko su ne masu daraja, 500 na biye su ne na biyu, abin da ya fito bayan haka ba shi da ikon zama Shamfen. Kowace kwalba tana cin wajen kilo 1.2 na inabi.

Kumfar da ake alfahari da ita yau, da farko aibi ce. Ana girbi a makare, a zuba ruwan inabi a ganga ya fara tsima, sai sanyin hunturu ya sauko ya tsayar da yis kafin ya gama cinye sukari. A ɗura a kwalba ana zaton an gama. Da ɗumi ya dawo sai yis ya farfaɗo, ya ci gaba da aiki, iskar da yake fitarwa ta rasa mafita. Ko dai marfi ya tashi, ko kwalba ta tarwatse, ta ja makwabtanta. An yi shekarun da ɗan kasuwa kan rasa fiye da rabin ajiyarsa ta haka, kuma ma'aikata sukan shiga ramuka da kariyar ƙarfe a fuska.

Labarin da aka fi yaɗawa shi ne wani malamin coci, Dom Pérignon, shi ya ƙirƙiro Shamfen. Mutumin ya rayu da gaske, ya kula da gonaki da ma'ajiyar majami'ar Hautvillers daga 1668 har rasuwarsa a 1715, kuma ya yi fice wajen haɗa inabin gonaki daban-daban da fitar da farar giya daga baƙin inabi. Amma kumfa ba shi ya fara ta ba. Tun a 1662 wani likita ɗan Ingila, Christopher Merret, ya gabatar da takarda a Landan yana bayanin yadda 'yan kasuwar can ke ƙara sukari a giya don ta yi kumfa. Ingilawa sun riga kowa samun kwalba mai ƙwari saboda da gawayin ƙasa suke narka gilashi, kuma su suka fara son abin. Fadar Faransa ta biyo baya. A 1728 sarki ya ba da izinin safarar giyar yankin a cikin kwalba, shekara guda bayan haka aka kafa gidan Ruinart, wanda shi ne mafi tsufa a wannan sana'a. Moët ya zo a 1743, Clicquot a 1772. Fashewar kwalabe kuwa ba a fara shawo kanta ba sai a 1836, lokacin da wani mai haɗa magunguna a Châlons, Jean-Baptiste François, ya fitar da hanyar auna sukarin da ya rage a giya kafin a ɗura.

Yadda ake yi a yau, abin da da yake faruwa bisa tsautsayi shi ake yi da gangan. Ana tsima ruwan inabin kowane ƙauye da kowane iri a mazubinsa. Bayan 'yan watanni sai a zo ga haɗi, kuma a nan gwanintar take. Shugaban ma'ajiya zai zauna da samfura masu yawa, wasu na bana, wasu ajiyar shekarun baya, yana ƙara wannan yana rage wancan, kamar mai haɗa turaren da abokan cinikinsa suka san ƙamshinsa kuma ba za su yarda ya canza ba ko da kayan haɗin bana sun bambanta da na bara. Idan haɗi ya zauna, sai a zuba sukari wajen giram 24 a kowace lita tare da yis, a ɗura a kwalba, a rufe, a kwantar a ramin alli. Tsimi na biyu a cikin kwalbar yake faruwa. Iskar ba ta da wurin zuwa, sai ta narke a cikin giyar, matsinta ya kai ninki biyar zuwa shida na iskar waje.

Daga nan sai jira. Doka ta ce aƙalla wata 15 ga giyar haɗin shekaru, shekara 3 ga wadda aka yi da girbin shekara guda, kuma manyan gidaje sukan wuce haka da nisa. Yis ɗin da ya mutu yana kwance a gefen kwalba yana ba giyar ɗanɗano, amma dole a fitar da shi kafin a sayar. Maganin wannan ya fito ne daga gidan wata mata, Barbe-Nicole Ponsardin, wadda mijinta François Clicquot ya rasu a 1805 ya bar ta tana da shekara 27, ta karɓi ragamar kasuwancin. Wajen 1816 ita da shugaban ma'ajiyarta suka huda katako, suka cusa wuyan kwalabe a ciki kai a ƙasa. Kullum ma'aikaci zai bi layi, hannu biyu kan kwalba biyu, ya ɗan murza kowace, ya ɗan ƙara tayar da gindinta, ya wuce. A hankali diddigar ke gangarowa har ta taru a bakin marfi. Ƙwararren ma'aikaci yana iya taɓa kwalba dubu arba'in a rana, aikin kuma yana ɗaukar wajen mako shida. Yanzu yawanci inji ke yi, keji guda na ɗaukar kwalba 504 ya gama cikin mako guda. Sai a tsoma wuyan kwalbar a ruwa mai tsananin sanyi har diddigar ta daskare, a buɗe, matsin ciki ya harbo ta waje. A cike gurbin da 'yar giya mai sukari, a buga toshiya, a ɗaure da waya.

Wannan sukarin ƙarshe shi ke raba nau'o'in. Brut, wanda ya fi kowanne yawa a kasuwa, sukarinsa bai kai giram 12 a lita ba. Brut nature bai kai 3 ba. Demi-sec yana tsakanin 32 da 50, doux ya haura 50. A ƙarni na 19 abin ba haka yake ba, Shamfen mai zaƙi ce ƙwarai, musamman wadda ake kai wa Rasha. Gidan Madam Pommery ne ya yi suna da maras zaƙi ta girbin 1874, don Ingilawa, daga baya duniya ta bi. Ban da sukari, akwai blanc de blancs da ake yi da farin inabi zalla, blanc de noirs da baƙi zalla, da rosé mai launin hoda, wadda a nan aka yarda a yi ta hanyar zuba 'yar jar giya a cikin fara, abin da ba a yarda da shi ba a yawancin yankunan Faransa. Mafi yawan kwalabe ba sa ɗauke da shekara, saboda haɗin shekaru ne. Wannan dabara ce ta mutanen da suka san girbinsu ba shi da tabbas: shekara mai kyau ta rufa wa mummuna asiri.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ana iya kwaikwayonsa, kuma an kwaikwaya. Cava ta Sifaniya da wasu giyoyin Italiya da Ingila da Afirka ta Kudu duk da wannan hanya ake yin su. Abin da ya gagari masu kwaikwayo shi ne tsarin cinikin.

A Shamfen masu gona daban, masu suna daban. Manoma wajen 16,000 ne ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na gonakin, waɗanda aka yanka ƙanana-ƙanana har wajen 280,000. Gidajen kasuwanci kuwa, 'yan ɗaruruwa, su ke sayar da fiye da kashi biyu cikin uku na kwalaben, kuma mafi yawan abin da ke fita waje ta hannunsu yake bi. Da yawa daga cikinsu baƙi ne suka kafa su, Jamusawa irin su Krug da Bollinger da Mumm da Heidsieck, mutanen da suka iya harsuna da lissafi da yawon neman kasuwa. Yau kamfanin LVMH kaɗai ya mallaki Moët & Chandon da Veuve Clicquot da Krug da Ruinart da giyar da aka sa wa sunan Dom Pérignon. To amma komai girman gida, idan manomi bai sayar masa da inabi ba, ba shi da abin ɗurawa. Manomi kuma, idan gidajen ba su tallata sunan a New York da Tokyo ba, inabinsa mai tsami ba zai yi rabin kuɗin da yake yi ba.

Ba cikin daɗin rai aka gane haka ba. A 1890 wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, wanda ya riga ya lalata gonakin kudancin Faransa, ya iso Shamfen. Maganinsa shi ne a tumɓuke gona a sake dasawa, a yi wa kuringa aure da saiwar irin Amurka, kuma wannan kuɗi ne da ƙaramin manomi ba shi da su. Sai girbi ya lalace shekaru a jere, na 1910 kusan babu abin da aka ɗauka. Duk da haka wasu gidaje ba su fasa sayar da kwalabe ba, domin ta jirgin ƙasa suke shigo da giya mai araha daga wasu yankuna, su yi mata kumfa, su liƙa mata sunan Shamfen. Manoma suna gani da idonsu ana sauke ganguna a tashar Épernay alhali 'ya'yansu na kwana da yunwa. A Janairun 1911 suka fara fasa ma'ajiyoyi a Damery, suna tuntsurar da giya. A Afrilu suka auka wa garin Aÿ, suka ƙona gidajen 'yan kasuwa, har da na wasu da ba su da hannu a algus ɗin. Sai da gwamnati ta turo dubban sojoji.

A daidai lokacin wata rigimar na ci a kudu. Dokar 1908 da ta fara shata iyakar Shamfen ta bar lardin Aube a waje, alhali babban birninsa Troyes shi ne tsohuwar hedikwatar yankin. Manoman Aube suka fito zanga-zanga suna neman a shigar da su, na lardin Marne, inda Reims da Épernay suke, suna cewa ba za ta saɓu ba. An kai ruwa rana, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo ya ratsa gonakin ya ragargaza Reims, sai a 1927 aka yi dokar da ta shata iyakar da ake amfani da ita har yau, da Aube a ciki. A 1936 aka ba yankin matsayin suna mai kariyar doka. Ƙauyuka 319 ne a cikin iyakar, 17 daga ciki ke da matsayi mafi girma na grand cru.

Hukumar da ke riƙe da zaman lafiyar an kafa ta ne a 1941, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa tana ƙwace kwalabe. Manoma da gidaje suka ga gara su fuskanci mai mamaya da murya ɗaya. Robert-Jean de Vogüé na gidan Moët ya wakilci 'yan kasuwa, Maurice Doyard ya wakilci manoma. Kwamitin da suka kafa yana Épernay har yanzu, kuma shugabanninsa biyu ne, ɗaya daga kowane ɓangare. Duk shekara kafin girbi sai sun zauna sun yanke yawan kilo da za a iya mayarwa Shamfen daga kowace hekta. Ba yawan abin da gona ta bayar suke dubawa kaɗai ba, suna duba yawan kwalaben da ke kwance a ramuka da yadda kasuwa ke tafiya. Idan shekara ta yi albarka, ana tsima wani ɓangare na rarar a kulle, manomi ba zai taɓa ba sai shekarar da sanyi ko ƙanƙara ta ci gonarsa.

Wannan zama ba na wasa ba ne. A 2020, da cutar korona ta rufe otal-otal da bukukuwa, ciniki ya faɗi zuwa kwalba miliyan 244. Gidaje suka nemi a rage girbi sosai don kada kaya su yi musu kwantai, manoma da ake biya bisa kilo suka ce a'a. Sai da girbi ya zo gab kafin aka daidaita a kan kilo 8,000 a hekta, a shekarar da gonaki suka yi kyau. An bar inabi mai kyau ya tafi a banza don kada farashi ya karye. Wani zai kira wannan haɗin baki ne na masu riƙe kaya, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Amma ni abin da nake gani shi ne manomi mai hekta biyu yana da kujera a wurin da ake yanke hukuncin, kuma kilo ɗaya na inabinsa ya haura yuro 6, kuɗin da manoman inabi a yawancin duniya ba sa mafarkin gani. Dubban manoma ma suna ɗura tasu kwalbar. A jikin takardar kowace kwalba akwai wasu ƙananan haruffa biyu: NM na nufin gida mai sayen inabi, RM manomin da ya yi da amfanin gonarsa, CM ƙungiyar gama kai.

Sunan kuwa suna tsaronsa kamar ransu. Har a yarjejeniyar Versailles ta 1919 da ta kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya sai da Faransa ta sa sharaɗin da ya hana Jamus amfani da sunayen giyoyinta. A 1993 kotun Paris ta hana kamfanin Yves Saint Laurent sayar da turare da sunan Champagne. A Suwizalan akwai wani ƙauye da shi ma sunansa Champagne, yana yin giyarsa maras kumfa tun da daɗewa, amma yarjejeniyar ƙasar da Tarayyar Turai ta tilasta masa cire sunan garinsa daga kwalba. Wannan kam a ganina an wuce gona da iri. A 2023 jami'an kwastan na Beljiyam sun lalata gwangwani 2,352 na wata giyar Amurka saboda kirarin da aka rubuta a jikinsu ya ƙunshi sunan. Ba ko'ina suka yi nasara ba. Amurka ta bar wasu tsoffin kamfanonin Kalifoniya su ci gaba da amfani da shi, Rasha kuma a 2021 ta yi dokar da ta keɓe sunan a harshenta ga giyar da aka yi a gida.

A nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye. Fatar jar akuyar Sakkwato da majeman ƙasar Hausa suka jeme ta daɗe tana ratsa Sahara, amma a Turai da sunan fatar Maroko aka san ta, domin ta can ta bi. Aikin namu, sunan na wani. A shekarun 2000 wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi a yi masa rajistar sunan albasar Galmi, wadda manoman jihar Tawa suka yi shekaru suna zaɓen irinta, sai da Nijar ta tashi tsaye kafin ya janye. Daga baya OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yaounde, wadda ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru rajista a 2013, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar irin wannan kariya. Mataki ne mai kyau. Sai dai takarda ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. A Shamfen bayan takarda akwai iyakar da aka shata gona-gona, akwai mai duba matsa, akwai kuɗin da kowane manomi da kowane gida ke biya don a ɗauki lauya a ko'ina a duniya, akwai kuma yardar da kowa ya yi cewa ba zai sayar da fiye da abin da aka yanke ba.

Akwai waɗanda wannan tsari bai ba kujera ba. Tunda da hannu ake girbi, kuma cikin mako biyu zuwa uku, duk shekara ana buƙatar mutum sama da 100,000. Da yawansu baƙi ne, daga gabashin Turai da Afirka, kuma sau da yawa ba mai gona ne ke ɗaukar su ba, 'yan kwangilar samar da lebura ne. A girbin Satumban 2023, cikin zafi mai tsanani, ma'aikata biyar suka mutu. A wannan girbin kuma masu bincike suka tarar da mutum sama da 50, yawancinsu 'yan Mali da Muritaniya da Senegal da Kwadebuwa marasa takardun zama, an cusa su a wani gida da ya lalace a ƙauyen Nesle-le-Repons, katifu a ƙasa, banɗaki ba ya shiguwa, wayoyin lantarki a tone. A Yulin 2025 kotun Châlons-en-Champagne ta samu mutum uku da laifin safarar mutane ta yanke musu ɗauri. Yankin da ke iya gano gwangwani a tashar ruwan Beljiyam bai kamata ya kasa sanin inda masu yankar inabinsa ke kwana ba. Waɗannan yaran namu ne, irin waɗanda ke ratsa Agadas suna neman abin rufin asiri.

Yanayi ma yana sauya lissafi. Girbin da a da sai tsakiyar Satumba ko bayan haka, tun daga 2003 an sha fara shi a Agusta. Zuwa yanzu ɗumin ya taimaka wa inabi ya nuna, amma tsamin da kumfa ke buƙata yana raguwa, kuma toho da wuri yana ƙara jefa kuringa a hannun sanyin Afrilu. Kudancin Ingila, inda akwai irin wannan alli, ya fara yin abin da da ba ya iyawa, har gidan Taittinger ya dasa gona a Kent a 2017.

Kasuwa kuma ta ja baya. Daga kwalba miliyan 326 a 2022 aka sauko 299 a 2023, sannan 271 a 2024. Tsadar rayuwa ta taɓa masu saye, gidajen sun ɗaga farashi da yawa, matasan Turai sun rage shan giya, Amurka wadda ita ce babbar kasuwar waje ta ɗora harajin kashi 15 cikin 100 a 2025. Kwamitin ya yi abin da ya saba: kilo 12,000 a hekta a 2022, 11,400 a 2023, 10,000 a 2024, 9,000 a 2025. Manomi mai hekta biyu ya rasa kilo 6,000 tsakanin ta farko da ta ƙarshe, wato yuro 36,000 a shekara ko da an yi lissafi da yuro 6 a kilo. Babban gida yana da kwalaben shekaru a rami da zai jira da su, ƙaramin manomi kuwa bashin banki ne ke jiransa, ga gonar da tsadarta ta sa harajin gado ya zama nauyi ga 'ya'yansa. Tun 2008 aka amince a duba shigar da wasu ƙauyuka 40 cikin iyakar, lokacin da ake ganin inabi ba zai isa ba. Har yau ba a kammala ba, kuma da wannan kasuwa babu mai gaggawa.